Matana Shi Ne Fanna

...a'a, ba shi ba ne. Matacce ba ya aiko saƙon murya. Fanna sakatariya tana zaune a biron notar na Diffa, inda ake buga wa takardu hatimi, wayar aiki a hannu, tana sake dannawa.

"Salamu alaikum. Daga Italiya nake. Kopi na takardan aure nake so, da hatimi, zan ɗauko iyali. Ni Modu Ajimi na Bosso. Matana shi ne Fanna Goni... in yana da rai."

Matana shi ne. Barebari nawa ke mayar da mace namiji a Hausa? Kasuwar tattasai cike take da su. Amma wannan gyaran muryar kafin ya faɗi sunanta fa? Ta tuna tana yi masa tsiya a bakin kogin Komadugu, ƙaurin bandar kifi a rigarsa, wai sai yaushe zai gane ita mace ce... yana dariya, yana cewa ai ya gane.

Innalillahi. An yi masa salla babu gawa. Daren da 'yan bindiga suka shiga Bosso kowa ya watse, maƙwabci ya rantse ya gan shi kwance. Ta yi takaba, ta yi kuka har hawaye suka ƙafe. Ina ya shiga duk shekarun nan? Kurkukun Libiya? Teku? Lambar biro ya tsinta, bai ma san wa ke saurare ba.

Khalilu fa? Mijinta na yanzu, bawan Allah, shi ya kawo ta aiki da safe a babur, 'yarsu Aliya a gaba tana cin ƙosai. Auren wa ke kanta ke nan? Aliya kuma... a'a, kada ta je nan. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa, da wani farin ciki mara kunya da ya ƙi kwanciya.

Aiki dai a bayyane yake: ba a buga hatimi sai an ga takardar asali. Kullum haka take gaya wa mutane, har da ɗaga hanci. To ga ta, asalin yana ƙasan akwatinta, a ɗakin Khalilu. Me ya hana ta ƙona shi tuntuni?

Metir, notar ɗin, yana leƙowa, yana tambaya ko an amsa wa mutumin Italiya. Tana ɗaga kai kawai.

Ta danna wurin ɗaukar murya. Jan ɗigon yana ƙiftawa, yana jira. Za ta ce wa ke magana... sakatariya, ko "shi" ɗin nan, matansa?