Bokitin Ta Biyar

Ga wata nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To, a wata jami'a akwai ginin kwanan ɗalibai mata, hawa uku, fentinsa ya gaji har ya soma zubewa da kansa. A hawa na biyu, can ƙarshen baranda, akwai ɗaki mai lamba goma sha bakwai. Gadajen ƙarfe ne a ciki, irin masu sama da ƙasa, wurin kwanan mutum huɗu. Sunaye huɗu ne kuma a takardar da aka manna a ƙofa. Amma masu kwana a ciki su biyar ne.

Akwai Doguwa, mai gado na ɗaya, tana shekararta ta ƙarshe. Akwai Rediyo, wadda bakinta ba ya hutawa ko tana goge haƙora. Akwai Likita, kullum kanta a cikin littafi mai hoton ƙasusuwa. Sai wata shiru-shiru da suke ce wa Malama.

Ta biyar ɗin ita ce Auta, 'yar ƙanwar mahaifiyar Doguwa. Ta samu gurbin karatu, amma da aka kafe sunayen waɗanda suka samu gado, nata bai fito ba. Gidansu kuwa yana can wancan bakin gari, sai an hau mota uku. Mahaifiyarta ɗinki take yi, kama ɗaki kusa da makaranta ya fi ƙarfinta. Ga shi karatun Auta na haɗa sinadarai ne, kuma malaminsu na ɗakin gwaji ƙarfe takwas cif yake rufe ƙofa. Duk wanda ya rasa shiga sau uku a zango, ba shi ba jarrabawa.

Doguwa ta ce, "Kwaso kayanki ki taho, Auta. Ni tsawo gare ni, ba faɗi ba. Rabin katifar nan a banza yake kwana."

"Yaya, in aka kama mu fa?"

"Wa zai kama mu? Ke da ko tari ba kya yi da ƙarfi."

Dokar ginin dai a fili take: wadda aka kama ta ajiye marar gado, su biyun za su fita. Mai kula da ginin wata dattijuwa ce da suke kira Mama Makulli, saboda tun daga ƙasan bene za ka ji ƙarar makullanta. Da sun ji kacau-kacau, sai takalman Auta su shige akwatin Doguwa, buroshin haƙoranta ya faɗa jaka, ita kuma ta yafa mayafi ta zauna a bakin gado kamar baƙuwar da ta zo aron littafi.

Mama takan leƙo ta ce, "Ke baƙuwar nan, har yanzu ba a ba ki littafin ba?" Sai ta wuce abinta.

Haka aka yi wata huɗu. Auta ce mai sharar ɗaki, ita ke tuna wa Likita ta ci abinci, ita ke sauraron Rediyo in kowa ya gaji. Rediyo ta raɗa mata Ta Biyar, sunan ya bi ta. In an dafa taliya a kan risho, cokali biyar ake ɗaukowa ba tare da an yi shawara ba.

Sai ruwa ya zo ya ɓata lamari. Injin da ke tura shi sama ya lalace, ya zama famfo ɗaya ne tak a tsakar gini, shi ma awa guda yake kawowa da safe. Ku zo ku ga faɗa! Wata ta kawo bokiti uku, wata ta tura na wata gefe, har an taɓa yaga wa wata riga. Daga nan shugabannin ɗalibai suka yanke shawara: gado ɗaya, bokiti ɗaya. Kowacce ta rubuta lambar ɗakinta da ta gadonta a jikin nata, marar lamba a fitar da shi daga layi.

Sati biyu Doguwa da Auta suna raba bokiti ɗaya. Wanka da rabi, wanki kuwa sai dai a yi wa riga alkawari. Auta ta fara cewa ita ba ta jin zafi, ba sai ta yi wanka ba, don dai ta bar wa yayarta.

Ran nan da la'asar Rediyo ta shigo da sabon bokiti shuɗi ta dire a tsakiyar ɗaki.

"Na gaji. 'Yar mutane tana wanka da kofi kamar kyanwa. Likita, ba ni jan farcen nan naki da ba kya shafawa."

Likita ta miƙo ba ta ko ɗago kai ba. "Ki rubuta da kyau. Rubutunki kamar kaza ta bi ta kan takarda."

"Ji mai magana! Naku na likitoci wa ke iya karantawa?"

Rediyo ta durƙusa, ta fito da harshe gefe, ta zana goma sha bakwai, ta ja layi, ta zana biyar ƙatuwa. Malama ta ce ya yi kyau. Doguwa ta hura masa iska don ya bushe. Auta ta rungume bokitin tana dariya, ta ce tun da ta zo makarantar nan ba ta taɓa mallakar abu mai lambarta ba.

Kun ji fa, 'ya'yana. Mata biyar, duk 'yan jami'a, har da mai karatun likita, babu wadda ta tuna cewa a duk ginin nan babu gado na biyar. Sun saba da zamansu su biyar har sun manta laifi ne.

Kwana uku bokitin yana bin layi lafiya, domin mai duba layi lamba kawai take nema, ba ta karantawa. Rana ta huɗu da safe, wani jami'i daga ofishin kula da ɗalibai ya zo ganin matsalar ruwa, Mama Makulli na biye da shi. Yana tafe yana duban bokitai, hannunsa a baya. Sai ya tsaya.

"Mama, ɗakunan nan gado nawa ne?"

"Huɗu ne, ranka ya daɗe."

"To wannan fa?"

Mama ta dubi shuɗin bokitin ta daɗe. Ta ce, "Wataƙila kuskuren rubutu ne. Yaran yanzu."

Jami'in ya bi layi da ido. Ga sha bakwai na ɗaya, ga na biyu, na uku, na huɗu, duk a jere, don tare suke ajiyewa. Ya ɗaga murya ya ce, "Mai wannan ta fito."

Auta na tsaye da tawul a kafaɗa. Rediyo ta buɗe baki za ta ce nata ne, karon farko a rayuwarta magana ta ƙi fita. Auta ta fito.

A ofis Doguwa ta yi roƙo har muryarta ta dushe. "Yallaɓai, ƙanwata ce. Saura wata biyu jarrabawa. Ni ku kore ni, ku ba ta gadon."

"Gado ba gadon gidanku ba ne da za ki ba wanda kika so," in ji shi, yana rubutu. "Akwai ɗari uku a jerin masu jira. Ku biyun ku miƙa makulli kafin Litinin."

Da suka fito, Mama na zaune a kan benci a baranda, makullanta a cinya.

Ta ce, "Wata huɗu ina kawar da kai. Kuna tsammani ban san takalmi ƙafa biyar ba? Da baki kuka faɗa, da na ce ban ji ba. Amma ku rubuta, da ja, ku ajiye a tsakar gida? Haba 'yan nan."

Rediyo ta fashe da kuka. Auta ce ma ke ba ta haƙuri.

Auta ta koma gida. Tana sallame sallar asuba take fita. Satin farko ta shiga ɗakin gwaji saura minti biyu. Sati na biyu motar tsakiya ta mutu a hanya, ta iso takwas da kwata, ta tsaya tana kallon 'yan ajinsu ta gilashin ƙofa. Na uku aka yi ruwan sama, motoci suka yi wuya, ta sake tarar da ƙofa a rufe. Na huɗu ta fito tun da sauran duhu, ta samu motar farko, ta samu ta biyu, ta uku ta tsaya shan mai. Ta sauka ta kama gudu da farar rigar gwajinta a hannu. Tana hawa matakala ta ji an murɗa makulli.

Ta ƙwanƙwasa a hankali. Malamin ya nuna mata agogon bango ta cikin gilashi, ya juya.

Da aka kafe sunayen masu zama jarrabawa, ta bi takardar da yatsa sau biyu, daga sama har ƙasa. Sannan ta naɗe farar rigar ta sa a jaka, ta nufi tasha.

Doguwa ta laɓe a ɗakin wata ƙawarta a wani ginin, ita ma ta zama ta biyar, ba ta kuma yarda ta mallaki bokiti ba. Ta gama da sakamako mai rauni, har yau tana neman aiki. Likita da Malama suka ci gaba da karatunsu, aka kawo musu wata baƙuwa a gado na ɗaya. Rediyo ta gama ita ma, amma an ce ta rage magana. Mama Makulli an ba ta takardar gargaɗi, daga ranar ta daina kawar da kai ga kowa. Auta an umarce ta da ta maimaita shekara, gado kuma bai fito mata ba, ba ta koma ba. Tana gida tana sa maɓalli da kalmasa a gefen keken mahaifiyarta. Shuɗin bokitin yana ɗakin ajiya na ginin tare da rishonsu da shi ma aka ƙwace, masu shara na wanke baranda da shi.