Daƙiƙa Ta Bakwai

Agogon coci na buga sha biyun rana, Baba ya ɗaga kwandon dankali daga cikin kitsen shanu, ya girgiza shi sau uku, ya barbaɗa gishiri daga can sama. Ya naɗe farar takarda ta yi tsini, ya cika ta, ya ɗora mayonis a gefe ɗaya, don Mama ba ta son ya jiƙa mata dankali. Sannan ya taka zuwa ƙarshen kanta, wajen doguwar kujerar da ke jikin taga, ya soke ƙunshin a mariƙinsa.

"Josiane, zo ki ci tun da zafi," in ji shi.

Mutum tara ne a shagon, takwas sun ɗaga waya. Na taran Tsoho Raoul ne, abokin Baba tun lokacin da masana'antar ƙarfen garinmu ke raye.

"Ku ɗauke ni ni ma mana," ya ce da baƙin. "Tawa matar tana nan da ranta, amma rabon da ta amsa min magana tun bikin Ista."

Babu wanda ya yi dariya. Sun matsa ne kawai don kada ya tare musu Baba.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Mama, kuma tun daga nan kan Baba ya fara zubar da abubuwa. Ya manta sunan titinmu, amma bai manta suya ba. Har yanzu da kunne yake gane dankali ya yi, sai ya ce kitsen ya sauya waƙa. Likita ta ja mini kunne: "Odile, kada ki gaya masa ta rasu. Duk ranar da ya ji, kamar ranar farko zai ji." Shi ya sa kullum in ya juya baya nake ɗauke ƙunshin, in murƙushe takardar in bari a kan kanta, in ce ta ci ta tafi kasuwa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Matar nan ba ta zama." Wannan murmushin shi ne abin da nake gadi a duniya.

* * *

Ni ce na fara ɗaukarsa a bidiyo. Na tura wa Yaya Thibaut a Brussels don ya ga halin da ake ciki ya zo. Bai zo ba. Ya sa bidiyon a shafin shagonmu, wanda a da hoton farashi ne kawai a kai.

Aikinsa ke nan a birni: kamfanoni na biyansa ya auna musu yadda mutane ke kula su a intanet. Duk Litinin, ranar da muke rufewa, sai ya turo mini wani zane mai layi yana hawa yana sauka, sannan ya kira.

"Kunkuru, kin ga lambobin?" Tun muna yara yake kirana haka, wai in baƙo ya shigo kaina shigewa yake yi.

"Na gani, Yaya. Mutum dubu ɗari biyu sun kalla."

"Bar batun masu kallo, kowane jaki na iya kallo. Abin da ake aunawa shi ne wa ya motsa. A cikin mutum ɗari, nawa suka danna alamar zuciya, nawa suka yi rubutu, nawa suka tura wa wani. Kamfanin da ya samu uku sai ya yi walima. Mu goma sha ɗaya gare mu. Tsohon nan ya doke masu sayar da motoci!"

"Yaushe za ka zo? Jiya ya tambaye ni ko ka dawo daga makaranta."

"Ai kullum ina ganinsa. Na fi ki ganinsa ma, ni har maimaitawa nake yi."

Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Karatuna bai yi nisa ba, na bar makaranta da wuri na kama feren dankali, kuma ban taɓa yin ƙawa ba. Tsakanin ƙarfe biyu da biyar, in mun rufe Baba ya kwanta, sai in zauna a kan buhu a ɗakin ajiya ina bin rubutun mutane da yatsa, kalma bayan kalma. Wata daga Kanada ta ce na fi 'ya'yanta uku. Wani ya ce ya yi kuka a cikin jirgin ƙasa. Tunda nake, ba a taɓa yi mini magana mai yawa haka ba. Ban amsa wa kowa ba, amma nakan ji kamar ɗakin ya ɗan yi ɗumi.

Baƙi suka riƙa zuwa daga Namur, daga Lille. Sai su iso sha biyu saura, su ɗauka, su tafi. Wasu ko dankalin ba sa taɓawa. Babu wanda ya taɓa tambayar Baba ya jiki.

* * *

A ƙarshen Oktoba layin ya fara gangarowa.

"Na duba, na gano inda matsalar take," in ji Thibaut. "A daƙiƙa ta bakwai ta bidiyon masu kallo suke tafiya. Yana ajiye ƙunshin, sai su wuce gaba. Sun riga sun san abin da zai ce."

"To ai abin da yake cewa ke nan."

"Shi ya sa za mu ba su dalilin tsayawa. Ɗaya ga watan gobe ce ranar da kowa ke tuna mamatansa. Na aiko miki da fure. Ki ajiye kusa da ƙunshin, shi ke nan."

Da aka kawo, na buɗe kwalin. Tukunya ce ta furen nan ruwan ɗorawa mai cunkoson kai, wanda ba a kai wa mai rai. Ko yaron goye a garinmu ya san na kabari ne.

Na kira Thibaut. "Yaya, zai gane."

"Mutumin da bai san ranar mako ba? Haba Kunkuru. Kina so shagon ya koma yadda yake, ke da Raoul da ƙudaje? Don Baba nake yi."

Na buɗe baki in ce a'a. Na daɗe ina neman kalmar, har ya ce yana da taro, ya kashe.

Da safiyar ranar Raoul ya ga tukunyar a bayan kanta.

"Maƙabarta za ki, 'yar nan? Mu je tare, ni ma in duba wurin da zan kwanta."

"Ba can za ni ba."

Ya dube ni, ya dubi kujerar taga. Ya ɗauki hularsa, ya juya wajen Baba.

"Firmin, tsohon ɓarawo, yau ba zan ci dankalinka ba."

"Dama da wane haƙorin?" in ji Baba yana dariya.

Raoul ya fita cikin ruwan sama, bai ko buɗe lema ba.

* * *

Shagon ya cika har bakin ƙofa. Sha biyu saura minti ɗaya na ajiye tukunyar, na koma lungu na ɗaga wayata kamar kowa.

Baba ya girgiza kwando, ya barbaɗa gishiri, ya ɗora mayonis a gefe. Ya tako yana murmushi. "Josiane, zo ki..."

Ya tsaya. Ya dubi furen, ya dubi kujerar, ya sake duban furen. Ya miƙa yatsa ya taɓa shi a hankali kamar mai gwada zafin tukunya. Sannan ya waiwayo yana neman fuskata a cikin wayoyin.

"Odile," ya ce. "Tun yaushe?"

Rabon da ya kira sunana daidai ya fi wata shida.

Ƙunshin ya suɓuce masa, dankali ya watse a ƙasa. Bai yi ihu ba. Ya zauna a kujerar Mama, ya rungume tukunyar a ƙirjinsa, kafaɗunsa na rawa. Wata mata ta ce, "Wayyo, abin tausayi," ta matso kusa don ta samu fuskarsa. Kitsen na ta ƙonewa a bayanmu. Sai daga baya na lura ban sauke tawa wayar ba.

Ban tura wa Thibaut ba. Bai buƙaci nawa ba, na mutane ya ishe shi.

* * *

Washegari Baba ya manta furen. Na yi ta fatan ya manta komai, ya koma yadda yake. Amma da agogo ya buga sha biyu, ya ɗauki takarda, ya juya ta a hannu, ya mayar. Ya tsaya yana kallon taga.

"Yarinya, wa nake jira?"

"Ba kowa, Baba."

Bai ƙara naɗe ƙunshin ba. Bayan kwana uku ya daina sauraron kitse, suya ta dawo hannuna. Baƙi suka zo sau biyu, sau uku, ba su samu abin ɗauka ba, suka ɗauke ƙafa. Raoul kan wuce ta tsallaken titi, ya ɗaga wa Baba hannu, ba ya duban inda nake.

Ranar Litinin zanen ya iso. Layin ya haura har ya kusa fita daga takardar. A ƙasa Thibaut ya rubuta: "Tamanin cikin ɗari sun kalla har ƙarshe. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Gaishe min da tsoho."

Yau da sha biyu ni na naɗe takardar. Ba ta yi tsini kamar tasa ba. Na ɗora mayonis a gefe, na kai ƙarshen kanta, inda yake wuni yanzu yana kallon titi.

"Baba, ka ci tun da zafi."

Bai juyo ba. Na tsaya a gefensa har tururin ya ƙare, mayonis ya gangara ya jiƙa dankalin. A aljihun rigar aikina wayar na ta motsi, duk lokacin da wani a wata ƙasa ya danna mana zuciya.