Notuna Takwas a Cikin Leda

Ranar Asabar da hantsi ina share gareji, tsintsiya ta jawo wata 'yar leda daga ƙarƙashin teburin aiki. Notuna takwas ne a ciki, dogaye, sababbi ƙal, bakin ledar a liƙe. Na san su. Su ne ya kamata a ce suna cikin motar 'yata Ylva, motar kuwa ta bar gida tun da safe, an tafi da ita tsere a kan tafkin da sanyi ya daskarar ya zama ƙanƙara.

Na zauna a kan wata taya.

Tsohuwar motar kakarta ce, otomatik. Ylva ta ce ba a tsere da motar da ke zaɓa wa mutum giya, sai muka mayar da ita ta giyar hannu. Mai wannan aiki dole ya cire siririn farantin da ke bayan inji, ya ɗaura filawil, wato faifan ƙarfe mai kauri wanda kuloci ke kamawa. A kansa muka yi sati biyu muna musu da mijinta, Sixten. Shi mara nauyi yake so, wanda wani abokinsa ya kankare a gida.

"Baba Torvald, wannan naka ai murfin rijiya ne," in ji shi. "Kafin inji ya juya shi an gama tsere har an sha kofi."

"Kai dai baki gare ka. Ƙarfen da aka kankare da ka tarwatsewa yake yi. Ka san abin da ke kusa da shi? Ƙafafun matarka. Ba komai tsakaninsu sai kwanon da bai fi murfin tukunya kauri ba."

Ni na ci. Muka sa mai nauyin, kilo goma sha ɗaya, da kuloci na mutunci. Ranar ɗauri Sixten ya ce zai riƙe mini fitila ya duba bayana. Na kore shi. Na ce shekara talatin ina wannan aiki ba wanda ya taɓa duba bayana.

Ga abin da ya faru. Ɗabi'ata ce ba na yar da tsohon noti, nakan wanke shi in jefa a gwangwanin kofi. Ƙarfe goma matata Gunvor ta kira ni shan kofi, na dawo, hannuna ya tafi inda ya saba. Notunan siririn faranti gajeru ne. In aka sa su a faifai mai kauri, haƙori uku kacal suke kamawa. Suna ɗauruwa tsaf, sifana ta ce maka lafiya lau. Ƙarya ce.

Na taɓa ganin abin da filawil ke yi in ya ƙwace. Wani Rune ne, shekarun baya. Ƙarfen ya yanka gindin motar ya fita ta gilashi. Har yau Rune da ƙafar roba yake zuwa coci.

Na kira wayar Ylva, ba ta ɗauka ba. Na kira Sixten, ta yi ta ƙara har ta gaji. Na cusa ledar a aljihu na faɗa mota. Tafiyar kilomita ashirin ce, ban tuna komai na hanyar ba.

Tun kafin in kashe mota na ji kukan injinta. A kan ƙanƙara taya ba ta samun abin kamawa, inji sai ya yi ta ihu har ƙarshen ƙarfinsa. Motoci shida ne a fili, tata ce shuɗiyar. Sixten yana tsaye bakin tafki yana cin tsiran alade a burodi.

"A'a, ga babban sufeto! Baba, ka ji yadda murfin rijiyarka ke waƙa?"

Na ciro ledar na nuna masa. Ya dube ta, ya dube ni. Burodin ya faɗi.

"Na ciki fa?"

"Tsofaffin."

"Saura zagaye huɗu," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Ya ruga wajen mai tutar tsayar da tsere, amma mai tuta yana can ɗaya gefen tafkin, kuma ba a gudu a kan ƙanƙara. Na ga ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa.

Ƙungiyarmu ta masu tseren mota tana da doka: in an saki motoci, wanda ya taka fili da ƙafa an dakatar da shi shekara guda. Ni na rubuta ta. Na tuɓe jar rigar sanyina, na haura tudun dusar ƙanƙara, na tsaya a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya ina kaɗa ta sama.

Motar farko ta goce ta daki tudu. Shuɗiyar tana biye. Na ji Ylva ta sauko da giya, injin ya yi wata ƙara, a ƙarƙashin ƙarar kuma akwai ƙwanƙwasa, kamar ana buga guduma cikin ganga. Na runtse ido. Ba tsoron ta take ni nake ji ba. Jiran ƙarar fashewa nake yi.

Motar ta sulalo a karkace, ta tsaya taku biyar daga gwiwoyina.

"Baba! Ka haukace ne? Ni ce ta biyu!"

"Kashe inji."

"Saura zagaye..."

"Ylva, kashe inji. Ɗauke ƙafarki daga kuloci, ki fito."

Ta ga fuskata, ta murɗa makulli. Da ta cire hular kwano ta ce, "Tun zagaye na uku wani abu ke bugawa. Na zaci salansa ce."

Janwe ya kawo motar gida. Da la'asar muka sauke akwatin giya, Sixten yana riƙe da fitila. Notuna uku suka zubo ƙasa. Sauran biyar da yatsu na kwance su. Na jira ya rama abin da na yi masa sati biyu. Sai kawai ya matso da hasken. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙungiya ta dakatar da ni shekara guda, na ɗaga hannu tare da masu goyon baya. Daidai ne. Na zaɓi ƙarfe mai kyau, na ci musu, sannan na kusa gurgunta 'yata saboda na fi ƙarfin a duba bayana. Girman kai ne, ba shi da wani suna.

Da muka shiga gida Gunvor ta zuba miya. Ylva ta zauna kusa da murhu ta cire takalmanta da safa, ta miƙe ƙafafu tana motsa yatsu don su ji ɗumi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙafafun nata.

"Baba, miyarka za ta huce."

Na ce ina zuwa.