Ranar da Malama Ta Diro Daga Jirgi

Malama ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koya wa 'yan sakandare yadda abu yake faɗowa. Takan hau tebur da dutse a hannun dama, goge-allo a hagu, ta sake su tare, ajin ya kasa kunne ya ji sun dira lokaci guda. Da ta yi ritaya sai ta ce saura ita.

Babban ɗanta, wanda likita ne, ya same ta a falo tana ɗaure takalmin gudu da ta aro wurin jikarta.

"Umma, wai da gaske daga jirgi za ki diro? A shekarunki?"

"Shekarun nawa ne, ba naka ba."

"Mutane za su ce mun kasa kula da ke."

"Ka ce musu na fi ƙarfinku. Ba ƙarya ka yi ba."

Ya ɗauke makullin motarta ya jefa a aljihu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta rataya jakarta, ta fita titi ta tare tasi.

A filin jirgin aka haɗa ta da Dogo, ƙaton da za a ɗaure ta a ƙirjinsa su faɗo da lema ɗaya. Yana jan maɗauran yana tsokanarta.

"Malama, kin yi sa'a. Da nauyina za mu riga kowa isa."

"Da a ajina kake da ka sha jan biro. Ƙasa ja ɗaya take wa kowa. Iska ce mai son kai."

Amma da aka buɗe ƙofar jirgin ta hango gonaki kamar facin riga, sai ta ja da baya. Dogo ya ce cikin kunnenta ba abin kunya ba ne a fasa. Ta girgiza kai, ta zura ƙafafunta waje.

Suka faɗo. Kowace daƙiƙa gudunta na ƙaruwa, kuma ƙarin ba ya canzawa, kamar mai awo yana zuba mudu kan mudu. Ta sha rubuta haka a allo, amma ba ta san yana toshe kunne ba. Can iska ta tokare mata ƙirji, tana daɗa ƙarfi, har gudun ya daina ƙaruwa. Sai ta ji kamar ta kwanta rub da ciki kan wata katifa mai ruri. Dariya ta kama ta, iska ta cika mata baki.

Lema ta buɗe, ta fizge su sama.

Da zaune ta sauka cikin ciyawa. Ashe likita ya biyo ta. Ya tsallako shinge da gudu, ya durƙusa ya kama wuyan hannunta yana ƙirga bugun zuciyarta.

"Yaya kika ji?" ya tambaya a ƙarshe.

"Ban gama ji ba ya buɗe lemar." Ta waiwaya. "Dogo, kuna aiki ran Asabar?"