Sojan Ƙarshe na Graeme

"Ajiye wannan, Noeleen. Ba da shi ake farawa ba."

Hannuna na kan littafin da ke da lamba ɗaya a ƙeyarsa, na juyo na harari Graeme. Yana zaune a garejinsa, siririyar roba a hancinsa, tulun iskar da asibiti suka ba shi yana huci a gefen ƙafarsa.

"In ba a fara da na ɗaya ba, da na nawa za a fara? Ko ku a duniyarku ta bayan taurari daga wutsiya ake ƙirge?"

"Jerin nan littafi hamsin ne da ɗoriya," ya ce. Tari ya sarƙe shi, na jira ya lafa. "Mutum uku na ba na ɗayan, ba wanda ya kai na biyar. Sabon shiga ba a jefa shi a teku."

Shekara ashirin da biyu katangar kwano ɗaya ce tsakanin gidajenmu a garin Whyalla. Duk Asabar ƙartin maza sukan cika garejin nan, su jera 'yan sojojin roba masu tsawon babban yatsa a kan tebur, suna yaƙi da abin awo da 'ya'yan lido. Akwai littattafan labarin wannan duniya tasu birjik, kuma duk wanda ya shigo sabo, Graeme ke zaɓa masa na farawa. Sai ya tambayi sana'arka kafin ya miƙa hannu kan kanta. Ni tun rasuwar mijina nake kai musu shayi ina ce musu gemai-gemai da wasan yara, bai taɓa yi min tayin littafi ba. Ranar nan kuwa shi ya ƙwanƙwasa katanga ya kira ni, kuma abin bai kwanta min ba, don Graeme ba mai gaggawa ba ne.

"Can ƙasa, siririn nan mai yagaggen bango," ya nuna. "A kundi ɗaya ya ƙare. Labarin direbar motar sojoji ce, bakinta kamar reza. Na ce ga 'yar'uwarki."

"Ni bas na tuƙa, tsohon banza, ba motar yaƙi ba."

"Bas ɗin 'yan makaranta ai ya fi. Kwana huɗu kin gama. Ina so mu yi gardamar ƙarshensa."

"Me ya sa kwana huɗu?"

Ya hau wanke buroshin fenti kamar bai ji ba.

A nan idona ya faɗa kan kwalin da yake tara sojojin da bai yi wa fenti ba. 'Yan wasan nan suna da wata magana, wai mutum ba ya mutuwa sai ya gama fentin sojansa na ƙarshe. Da ita suke kare kansu wajen matansu in sun sayo sababbi, suna ƙyaƙyata dariya. Kwalin Graeme kullum a cike nake ganinsa. Yanzu soja ɗaya tak ya rage a ciki, ruwan toka, da bindiga a kafaɗa. Da ya sunkuya gyara robar hancinsa, na zura sojan a aljihun rigar sanyina.

Kwana uku bayan haka na kai masa miya, na tarar ya ƙara zabgewa, wuyan riga ya yi masa yawa.

"Wani soja ya tsere daga bakin daga," ya ce.

"Ƙila ɓera ne."

"Ɓera mai shuɗiyar rigar sanyi, ko? Noeleen, maganar nan fa wasa muke yi da ita."

"Na sani."

"To ba ni abina. Hannun nan yau yana riƙe buroshi, gobe ban sani ba."

"Sai na gama littafin."

"Kina ina?"

"Shafi na talatin."

Ya kalle ni. "Direba, kin cika tafiyar hawainiya."

Gaskiya ce, kuma da gangan nake yi. Labarin ya kama ni, amma shafi goma nake karantawa in rufe. Na sa a raina muddin ban kai ƙarshe ba, muddin sojan na aljihuna, dole ya jira. Mace mai shekara sittin da takwas, da hankalinta, tana wannan lissafin wauta. Tsoro ne kawai, ina jin tsoron shirun da zai dawo bayan katangar nan.

Ranar Talata ake kwashe shara a layinmu, kuma Graeme ko da rarrafe sai ya turo kwandonsa bakin titi kafin bakwai. Safiyar nan motar shara ta zo ta wuce, ƙofarsa wayam. Motar 'yarsa Bronwyn na gani a madadin kwandon. Ta fito ba takalmi, ta tsaya jikin katanga.

"Anti Noeleen, Baba ya tafi. Jiya yana ta tambaya ko kin gama."

Na koma ciki na zauna, na karanta sauran littafin a zama ɗaya, ina kuka ina jin haushin kaina. Ƙarshen bai yi min ba ko kaɗan, da mun kwashi 'yan kallo ni da shi.

Bronwyn ta kawo min ƙaramin kwali da rana, wai babanta ya ce a ba ni. Kwalaben fenti uku ne da buroshi, sai 'yar takarda da rubutunsa mai rawa: "Ɓera, fara da baƙi, sannan ja. Kada ki cika buroshi."

Sojan yana kan tagar kicin ɗina yanzu, yana fuskantar garejin. Takalmansa sun yi baƙi, kafaɗa ɗaya ta yi ja tana shan iska. Sauran jikinsa ruwan toka ne.