Na'urar da Ta Ce Mu Mutum Ɗaya Ne

Sun ce sabon katin shaida zai kashe talauci. Ban ga gawarsa ba. Abin da na gani, asibiti sun daina ba matata maganin hawan jini sai maigida ya kawo kati, na'ura ta ga fuskarsa.

Na je ofishin rajista, na bi layi. Yarinyar da ke aikin ta ce in dubi gilashi. Na duba.

"Baba, ai an riga an yi maka."

"Yau na fara taka ƙofar nan."

Ta juyo mini da allon. Hoton abokin tagwaicina ne, kafinta, wanda muka daɗe ba ma ga maciji da juna.

"Gwada yatsana," na ce.

"Wannan fuska kawai ta sani. Ta ce ku mutum ɗaya ne."

"Uwar da ta goya mu ba ta ce haka ba."

Ta rage murya. "Ka ari nasa mana. Ba za ta gane ba."

Na tashi. Ko rigarsa ban taɓa ara ba, balle sunansa.

A gida na tarar ƙafafun matata sun kumbura, kwalbar magani babu ko ƙwaya. Na mayar da takalmina.

Ɗan'uwan nawa yana gyara ƙafar kujera na shiga shagonsa. Bai ɗago ba.

"Wa ya mutu?"

"Ni. Hukuma ta ce babu ni, kai kaɗai ne."

"Sun iya zaɓe." Ya hure garin katako. "Yaya jikin matar tawa?"

Na faɗa masa. Ya zaro katin ya ajiye a kan teburin aiki, ya juya baya kamar mai neman guduma. Na ɗauka.

A asibiti na'urar ta dube ni, mai ba da magani ya kira sunan ɗan'uwana. Na amsa. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin wannan ba. Na kai magani gida, ta sha.

Da safe na mayar masa da katinsa.

"Rufe shago," na ce.

"Ina za mu?"

"Ofis. Za mu zauna gabanta tare, yau da gobe da jibi, har ta koyi ƙirga biyu."

Ya dube ni, ya dubi aikinsa. Sai ya saɓo kujeru biyu da ba a yi wa fenti ba, ya miƙo mini ɗaya.

"Bencinsu aikin banza ne," ya ce. "Na zauna a kai."