Ranar da Haliru Andarai Ya Ƙi Nuna Magaji

Shekara goma sha tara Honarabul Haliru Andarai yana shugabancin jam'iyya a Jega da Aliero da Maiyama. Kafin nan sau biyu ya je majalisar jiha, ya kuma yi wata tara a kurkuku zamanin soja saboda ya ce a bar mutane su zaɓi shugabanninsu. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, zai sauka. Burinsa ɗaya: wakilai su zaɓi magajinsa da kansu.

Mutum biyu ke nema: Mas'ud, ɗan mahautan Jega, da Nafi'u, manomin albasa daga Aliero. Za a yi ƙato bayan ƙato a filin wata makaranta a Jega, kowa ya ja layi bayan gwaninsa.

An yi rabin awa babu wanda ya motsa. Wakilai fiye da ɗari biyu sun zuba wa Haliru ido.

"Baba, ka nuna muna kawai mu tahi gida," in ji Hajiya Luba, shugabar mata. "Rana na cin mu."

"Luba, don in nuna muku anka ɗaure ni?"

"Wancan da soja ne. Mu ai ɗiyanka ne."

Ya tashi ya koma inuwar dalbejiya. Bishiyar ta fi kusa da Mas'ud, sai jama'a suka fara gangarawa can. Ya dawo tsakiyar fili, suka tsaya cak. Ya yi tari, wani dattijo daga Liba ya tambayi na kusa da shi wane gefe Baba ya juya.

Haliru ya daɗe yana kallonsu. Waɗannan su ne mutanen da ya koya wa tsare ƙuri'a. Ya kira direbansa.

"Almu, tada mota. In ba su gan ni ba, dole su yi tunani."

Suna fita Almu ya ga mai ya yi ƙasa. Maimakon hanyar Maiyama da za ta kai su gida, ya karya kan mota ya hau hanyar Aliero, inda gidan mai yake. Haliru ya rufe ido, bai lura ba.

Ba su gama shan mai ba waya ta yi ƙara. Luba ce, tana dariya.

"Mun gane, Baba! Da munka ga inda mota ta nuha, munka bi Nafi'u. Ɗari biyu da sha huɗu, Mas'ud tara."

Haliru ya dubi hanyar, ya dubi Almu. Bai yi faɗa ba.

"Su wane ne taran?"

"Kar ka damu, yara ne marasa kunya. Za mu yi maganinsu."

"Kar wanda ya taɓa su," ya ce a hankali. "Ki ce su zo Andarai gobe da hantsi. Su kaɗai sunka zaɓa da kansu, ina son magana da su."